Kaka Ba Ta Wanka

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ya riƙa rubuta wani abu kullum, ko layi biyu ne, don kada hannu ya manta. Shekara huɗu ke nan ina yi. Yawanci wanki nake rubutawa, da wace ce ta bar biro a aljihu ya ɓata mini ruwa. Yau ba wanki ba ne.

Makaranta ta ba kowane ɗalibi takarda ya kai gida. Auta ta buɗe za ta karanta mini, na ce a'a, ba ni. Na karanta da kaina sau biyu, ina bi da yatsa. Mura mai zazzaɓi ta shiga makaranta. Duk wanda ya ji zafin jiki ya zauna a gida.

Ni ce mai wankin makarantar. Ɗakin wankina yana bayan zauren wasanni, bango ɗaya ya raba mu. Auta tana cikin 'yan ƙwallon raga. Su goma sha ɗaya ne, biyu sun kwanta tun jiya, saura tara. Wasan ƙarshe na cin kofi ranar Asabar ce, 22 ga wata, kuma dokar ita ce sai da mutum shida ake shiga fili. In biyar suka rage, sai a miƙa wa abokan karawa kofi ba a taɓa ƙwallo ba. Shekara biyu Auta ta yi tana ɗumama benci. Bana ta samu shiga, ita ke ɗaga ƙwallo a buga, kuma bana za ta gama makaranta.

Ƙirjinta ba shi da ƙarfi tun tana ƙarama. Maganin shaƙarta yana cikin jaka, na duba. Na sake dubawa.

Babanta ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, mura ce kawai." Ya ɗago ya ga fuskata, ya koma kan kekensa na ɗinki. Ya san ba a faɗin wannan magana a gidan nan. Mantawa ya yi.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai musu rigunan wasa, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon atisaye. Yau na lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba.

Suna da wani tsohon tawul shuɗi babba, suna kiransa Kaka. Wai kocinsu na farko ya bar musu shi. Kafin a fara wasa kowace sai ta goge fuska da shi, haka kuma duk hutun da aka yi. Wannan ta goge hanci da baki ta jefa wa waccan. Wasa goma suka ci a jere bana, kuma sun rantse Kaka ba za ta ga ruwa ba sai kofi ya shigo hannu. Shi ya sa bai taɓa zuwa kwandon wankina ba.

Na ga wata ta yi atishawa a cikinsa. Na ga Auta ta karɓa.

Na samu Koci a gefe na ce, "Malam, tawul ɗin nan fa?"

Ya yi dariya har usur ɗinsa yana rawa a ƙirji. "Mama, ni da nake kocinsu ban isa in taɓa Kaka ba. Ranar da na ce tana wari, kwana biyu ba wadda ta gaishe ni."

Na ce, "Ba warin nake ji ba."

Ya ce, "Yara ne masu jini a jika, ba abin da zai same su."

Na kwashe kwandona na fita. Don sauri har na zubar da rabin garin sabulu a ƙasa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Saura takwas. Mai atishawar jiya ce.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Nas ɗin makaranta na faɗa mata komai. Mace ce mai sauri, ba ta bari na gama ba ta ɗauki jakarta muka tafi zauren.

Ta jera su ta yi musu bayani dalla-dalla. Ciwon nan ta tari da atishawa yake bi, da hannu, da duk abin da ya taɓa hanci da bakin wani. Kowace da gorar ruwanta, an rubuta lambarta a jiki. A wanke hannu da sabulu kafin atisaye da bayansa. A yi tari a gwiwar hannu. Mai zazzaɓi ta zauna a gida, ko ita ce ta haifi ƙwallon. Suka yi dariya, suka ce to.

Sai Nas ta ce, "Ina tawul ɗin da nake jin labarinsa?"

Kyaftin ɗinsu yarinya ce mai natsuwa, ko mangwaro aka ce ta sata ba za ka yarda ba. Ta tafi ta dawo da wani farin tawul sabo fil. "Ga shi, Anti Nas. Kullum muna wanke shi."

Su takwas, ba wadda ta ƙifta ido. Har da tawa. Nas ta kalle ni kamar tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Da muka fito ta dafa ni ta ce, "Mama, damuwarki ta yi yawa." Na ce haka ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai wannan tsumman shuɗi ne, kuma na gan shi da idona.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na yi abin da na yi.

Bayan sun tashi na shiga share zauren. Ba aikina ba ne, amma ba wanda ya tambaye ni. Na sami Kaka a ƙasan buhun ƙwallaye, an naɗe ta a leda. Na ɗauko ta da sanda.

Sau uku na tafasa ta. Ruwan farko kamar shayi ba madara. Na biyu ma haka. Sai a na uku na gane ashe akwai farin layi a bakinta. Na busar da ita da dutsen guga, na murtsuke ta don kada ta yi kyau da yawa, na mayar cikin ledar.

Na dawo gida da sauƙin zuciya. Har na yi wa Babanta waƙa ina wanke kwanuka. Ya ce, "Yau kuma wa aka yi wa?" Na ce ba kowa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau suna da wasa, ragowar na rukuni. Ko sun ci ko ba su ci ba sun riga sun kai wasan ƙarshe, shi ya sa na ɗauka ba komai.

Ina zaune a layin baya. Kyaftin ta fito da Kaka, ta kai fuska, ta tsaya cak. Ta miƙa wa Doguwa, wadda ta fi su tsayi, mai tare ƙwallo a raga. Doguwa ta shinshina ta miƙa wa Auta. Auta ba ta ko kai hanci ba. Ta san ƙamshin sabulun nan tun tana goye. Ta juyo ta neme ni a cikin mutane, ta same ni.

An ci su zagaye uku a jere. Ba su yi wasa ba, tsayuwa suka yi ƙwallo yana faɗuwa a tsakaninsu kowa na kallon kowa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta gaishe ni da safe tana kallon bango. Da abinci ta ce wa Babanta, "Baba, ka ce a miƙo mini gishiri."

Ya ce, "An ji, ranki ya daɗe. Maman Auta, wai a miƙo gishiri. In da amsa kuma ki ba ni, yau ni ne gidan waya."

Ba wadda ta yi dariya. Sai ta aje cokali ta ce, "Umma, kin san me suke kirana? 'Yar mai wanke sa'a. Shekara biyu ina jira su ɗauke ni tasu. Kin san ba ruwanki, aikinki riguna ne."

Na buɗe baki. Abin da zan ce yana nan a maƙogwaro, shekara tara yana nan. Bai fito ba. Na ce, "Ci abincinki."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Saura bakwai. Doguwa.

Sun ce don an wanke Kaka ne. Kuma yanzu sun fi da shafa ta, wai suna mayar mata da sa'ar da na zubar. Na leƙa ta taga na ga suna bi da ita layi-layi, kowace tana goga fuska har sau biyu. Garin gyaran gira na tsone ido. Da ban taɓa ba, da sau uku suke shafawa a yini. Yanzu ba iyaka.

Sun kuma canza mata maɓoya. Na duba buhun, na duba bayan allo, babu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina sauraron numfashinta kafin ta tashi. Lafiya lau. Wancan lokacin ma lafiya lau ne har kwana uku.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Wancan lokacin ma takarda aka ba ni. Layi biyu ne kacal, likita ya rubuta abin da in na gani in dawo da ɗana nan take. Babansu ya yi tafiya. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin filo ina jira ya dawo ya karanta mini. Kunya ta hana ni kai wa maƙwabta.

Na karanta ta da kaina bayan shekara biyar, a watan da na fara haɗa baƙi. Ba wata kalma mai wuya a ciki.

Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Koci ya kwanta. Jini a jika! Allah ya ba shi lafiya, ba dariya nake yi ba. To, kaɗan. Malamar lissafi aka ce ta riƙa zama da su, ita kuma ko ƙa'idar wasan ba ta sani ba, littafi take dubawa. Kyaftin ke jan atisaye.

Har yanzu bakwai.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas na yamma

Na kasa cin abinci. Babanta yana ɗinka wa wani wando, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wai har yanzu rikicin tsohuwar nan ne?"

Na ce, "In na ƙwace ta sun mutu a tsaye, ka ga abin da ya faru ranar Asabar. In na bar ta kuma ɗaya bayan ɗaya za su kwanta."

Ya ciji zare ya ce, "Kaka ɗaya, jikoki goma sha ɗaya. Ai ni a sanina in abu ya kai haka gado ake rabawa, kowa ya kama gabansa."

Wasa yake yi. Ya ci gaba da taka kekensa. Ni kuwa na zauna ina kallon babban almakashinsa a kan tebur har ya ce, "Ke, lafiya? Kada ki kalle shi haka, da shi muke ci."

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Doguwar rana. Bari in rubuta a jere don kada in manta.

Mai wanki ta san abin da uwa ba ta sani ba, domin aljihu ba ya ƙarya. Da safe ina zazzage wandunan wasa, sai ga ledar maganin zazzaɓi a wando mai lamba huɗu, an ɓalle ƙwaya shida. Ga takardar goge hanci cunkus. Lamba huɗu Kyaftin ce.

Na aika a kira mini ita lokacin hutu. Ta tsaya a ƙofa, na ce ta tsaya nan. Idanunta sun yi ja, leɓenta ya bushe. Na nuna mata ledar.

Ta ce, "Ciwon kai ne, Mama."

Na ce, "'Yata, ni ba Nas ba ce, ba sai kin kawo mini farin tawul ba."

Ta yi murmushi, sai hawaye. "In na tafi shida suka rage cif. Ko ɗaya ta yi targaɗe mun fita. Kwana takwas ne kawai, zan daure."

"Ke za ki daure. Su shidan da kike numfashi a kansu fa?"

"Mura ce kawai, Mama."

Na zauna a kan bokiti. Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa a makarantar nan ba. Na faɗa mata Auta tana da yaya namiji da ya rasu. Na faɗa mata shi ma gudu yake yi, ya fi kowa a ajinsu. Da yanzu yana da shekara ashirin da biyu. Na faɗa mata ƙirjinsu iri ɗaya ne. Sauran ba sai na rubuta ba.

Injin wanki yana ta juyi. Sai ta ce, "Auta ba ta taɓa faɗa mana ba."

Na ce, "Tana da shekara takwas. Mu muka koya mata shiru."

Sannan na faɗa mata maganar rabon gado. Ta zaro ido. "A yanka Kaka? Mama, za su cinye ni ɗanya!"

"Ba yankawa ba, rabawa. Yanzu Kaka tana wurin mutum ɗaya a lokaci ɗaya. In an raba ta, tana tare da kowa har cikin fili. Har ke da za ki kwanta a gida, taki tana ƙarƙashin filonki."

Ta goge ido da gwiwar hannu, yadda Nas ta koya musu. Ta ce, "Amma za ki sake tafasa ta."

"Kullum."

"Kai, Mama."

Da ƙafarta ta je wurin Nas. Nas ta sa mata takunkumi, ta kira gidansu. Kafin a zo ɗaukarta ta tsaya a ƙofar zauren daga nesa ta yi wa sauran magana. Ban ji duka ba. Na dai ji ta ce, "Ni ce kyaftin, kuma na ce a raba. Wadda ba ta yarda ba ta zo gidanmu ta same ni, in ba ta tsoron atishawa." Ta ce Auta ce za ta ja su kafin ta dawo.

Da aka tashi sai ga wata ta shigo ɗakin wanki ta aje leda a kan tebur, Kaka a ciki. A cikin silin ɗin banɗaki suka ɓoye ta. Silin!

Saura shida.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na tafasa ta, na shanya a rana. Babanta ya shimfiɗa ta a teburinsa ya auna da tef kamar yadin ango. Ya ce, "Goma sha ɗaya ba ya rabuwa da kyau. Goma sha biyu zan yi, uku sau huɗu, ɗaya ya zama na mai rabo." Kafin ya sa almakashi ya cire hularsa ya ce, "Kaka, ki yafe mu, aiko ni aka yi."

Ya bi bakin kowane da keke. Ni kuma na ɗauki allura da farin zare zan sa wa kowace sunanta, don kada a ce an yi musanya. Da alli na fara rubutawa, sannan in bi da zare. Rubutu da allura ya fi na biro wuya, amma ba ya gogewa.

Ina kan na uku zare ya ƙi shiga, idona ya gaji. Sai wani hannu ya karɓi allurar. Auta ce. Ta zura zaren ta miƙo mini, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Can ta ce, "Kyaftin ta kira ni."

Na ce, "To."

"Na tuna takalmin Yaya, Umma. Fari mai jan layi. Yana ɗora ni a wuya ya yi gudu da ni, ke kina ihu."

Keken Babanta ya tsaya. Ta kwantar da kai a gwiwata, ni kuma na ci gaba da ɗinki ina ganin zaren biyu-biyu.

Daga baya ta ɗago ta duba aikin ta ce, "Umma, sunan Doguwa ya karkace." Na ce ai ita ma a karkace take tafiya. Ta yi dariya har ta sarƙe, na miƙe tsaye a firgice, ta ce, "Dariya ce, Umma! Dariya ce!"

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai musu. Na buga ƙusa goma sha ɗaya a bango, tsakanin kowace da taki ɗaya. Waɗanda ke kwance kuma an aika musu nasu gida.

Da farko suna juya su kamar an ba su kifin da ya kwana. Sai ƙaramar cikinsu ta ce, "Ni na samu wurin farin layin, ni ce 'yar gaban goshin Kaka." Nan fa gardama ta tashi, kowace tana cewa nata ne zuciyar. Suka soke su a ƙugu suka shiga fili.

Auta ta sa sabuwar doka. Da, duk maki sai sun taru sun rungume juna suna tafa hannu. Yanzu kowace ta zaro Kakarta ta kaɗa sama. An buɗe tagogi duka. Nas tana gwada zafin jikinsu a ƙofa kowace safiya. Ta ce mini, "Mama, ashe da gaskiyarki." Na ce ba komai. Amma na ji daɗi. Na rubuta a nan, na ji daɗi.

Shida.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shida. Na tafasa, na goge, na rataye.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Auta ta yi atishawa sau uku tana shirin fita. Kofin da ke hannuna ya faɗi ya fashe. Na ɗauko ma'aunin zafi na sa mata, na karanta lambar da kaina. Talatin da shida da ɗigo bakwai. Na sake. Haka dai. Babanta ya ɗago kwalbar sabon turarensa ya ce, "Ga mai laifin, a kama ni." Na kusa jifansa da tsintsiya.

Shida. Shida.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Takwas!

Biyun farko sun dawo. Nas ta ce zazzaɓinsu ya sauka tun kwanaki ba tare da magani ba, kuma ƙarfinsu ya dawo. Kwana goma sha bakwai ina rubuta lamba tana raguwa. Yau na rubuta ta tana hawa. Bari in sake rubutawa don daɗi. Takwas.

Koci ma ya dawo, ya rame, wandonsa yana zamewa. Ya ga ƙusoshin ya ce, "Mama, ashe ke ce kocin, ni usur kawai nake riƙewa." Na ce ya kawo usur ɗin ma a tafasa. Ya kawo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tara. Kwana bakwai ba wadda ta sake kwanciya. Na goge rigunan gobe sau biyu. Maganin shaƙa yana cikin jaka. Na duba sau ɗaya kawai.

Ƙarya nake yi, sau biyu.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Sun ci! Sun ci! Don murna rubutun zai karkace, ya karkace ɗin.

Doguwa tana gida, tari bai sake ta ba. Kyaftin ta zo, Nas ta ce ba za ta buga ba tukuna, sai ta zauna can ƙarshen benci da takunkumi, Kakarta ɗaure a hannu. Muryarta ta fi ta kowa.

An ci su zagayen farko. Na ce shi ke nan, yau sunana mai wanke sa'a har abada. Suka ci na biyu. Aka ci su na uku. Suka ci na huɗu. 'Yan ɗaya makarantar suna ta tsokana, "Ku zo ku goge mana tebur, masu tsumma!" Ƙaramar nan ta juya ta ce, "Sai mun gama goge fili da ku!"

A zagaye na biyar ban iya kallon allo ba. Ƙirjin Auta nake kallo, yana hawa yana sauka. Babanta yana faɗa mini lamba a kunne. Sha uku, sha uku. Sha huɗu, sha uku. Sai ƙwallo ya zo mata a karkace, ƙasa-ƙasa, ta durƙusa ta ɗaga shi da yatsu kamar tana miƙa jariri, wata ta tashi sama ta dake shi. Na ji ƙararsa a ƙasa. Na ji usur ɗin alƙalin wasa.

Shuɗin tsumma ko'ina a sama. Har Malamar lissafi tana tsalle.

Auta ta haye benci biyu ta iso inda nake tana haki. Na sa tafin hannuna a ƙirjinta a gaban mutane, ban ji kunya ba. Yana bugawa kamar zai fito. Amma hakin gudu ne, ba wancan ba. Na san bambancinsu. Ba wanda ya fi ni sani.

Suka ja ni cikin fili a ɗauki hoto. Na ce ni da zanen aiki? Kyaftin ta ce daga nesa, "Mama, in babu ke babu hoto." Suka ɗora mini kofin. Yana da nauyi, kuma cikinsa duk ƙura. Na ce a ba ni shi Litinin in wanke. Suka haɗa baki, "A'a, Mama! Wannan kam a'a!"

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gida shiru. Auta tana barci har yanzu, na bar ta. Ban tsaya a ƙofarta ba.

Na ɗauko yanki na goma sha biyu, wanda Babanta ya ce na mai rabo ne. Na rubuta da alli, na bi da farin zare. Na rubuta sunan ɗalibai, na rubuta sunan sabulu, na rubuta sunana a takardun makaranta, amma sunan ɗana ban taɓa rubuta shi ba. Lokacin da ake kiransa a gidan nan ban iya ba, da na iya kuma hannuna ya ƙi.

Baƙi biyar ne. Ko ɗaya bai karkace ba.

Babanta ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya karanta shi da ƙarfi, yadda yake kiransa in abinci ya sauka.